Shekara huɗu da cutar Graves: nazarin lamarin wata malamar firamare

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa malama ce a wata makarantar firamare, a wani gari na arewacin Najeriya mai nisan tafiyar kamar awa uku a mota daga asibitin koyarwa mafi kusa. Shekarunta 31 lokacin da ciwon ya fara, tana da aure da 'ya'ya uku, kuma ta haifi na ukun a watan Yuli, wata biyar kafin alamar farko ta bayyana. Ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon suga ko asma, ba ta shan taba. Nauyinta bayan ta gama wankan jego kilo 66 ne. Akwai abu ɗaya a tarihin danginsu da ba wanda ya tambaye ta sai can daga baya: ƙanwar mahaifiyarta ta yi fama da maƙoƙo tare da firfitowar idanu, ta rasu da sauran ƙuruciyarta, aka ce ciwon zuciya ne. An sakaya sunan malamar da na garinsu da na asibitocin da ta je, kuma an ƙirga lokaci daga watan da ta fara jin sauyi a jikinta.

Wata na 1 zuwa na 7, Disamba zuwa Yuni: alamomi da neman magani a kusa

Zafi ne abin da ta fara lura da shi. A tsakiyar hunturu, lokacin da yara ke kwana cikin bargo, manya na hura wuta suna jin ɗumi da asuba, ita sai ta yaye mayafi ta koma bakin ƙofa gumi na tsattsafo mata. Daga nan bugun zuciya ya biyo baya, ko tana zaune tana duba littattafan ɗalibai sai ta ji ƙirjinta na dukan uku-uku. Barci ya ƙaurace mata. Alli ya fara rawa a hannunta har rubutunta a allo ya karkace, yaran aji suka lura. Tana cin abinci fiye da da, har da ƙari, amma kullum ramewa take yi, ga zuwa bayan gida sau huɗu ko biyar a yini ba tare da gudawa ba. Zuwa watan Maris tashi daga sujada ya zama aiki, sai ta dafa gwiwa da hannu biyu saboda cinyoyinta sun rasa ƙarfi. Ita da aka sani da haƙuri ta koma mai saurin fushi, abu kaɗan sai faɗa ko kuka.

A gida an ɗauki abin a matsayin wahalar goyo da aiki, surukarta kuma ta ce ba a gasa ta sosai ba ne a jego. Sau biyu aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis. A watan Fabrairu wani ƙaramin ɗakin gwaji ya ce taifot ce, ta sha ƙwayoyi na kwana goma, aka yi mata ƙarin ruwa, aka haɗa mata da maganin ƙarin jini. Da ramar ta ci gaba, aka gwada ta ƙanjamau da tarin fuka da ciwon suga a asibitin garinsu, duka ba a sami komai ba, sai dai labarin gwajin ya riga ya fita, mutane suka fara tsegumi a kanta da mijinta. Saboda faɗuwar gaba da firgita cikin dare, wasu daga cikin dangi suka karkata ga shafar aljanu ko sammu, aka yi mata ruƙiyya, ta sha rubutu. Ta ce addu'ar ta sanyaya mata zuciya, amma rawar hannu da gumi da rama suna nan yadda suke.

A watan Mayu aka ga kumburi a gaban wuyanta. Wanzami ya yi mata tsaga ya zuba magani, wata maƙwabciya kuma ta kawo mata wani gari da aka ce na maƙoƙo ne, tare da shawarar ta yawaita gishiri mai aidin. Zuwa ƙarshen Yuni nauyinta ya sauko zuwa kilo 54. A cikin takardun da ta tara a waɗannan watanni bakwai babu inda aka rubuta adadin bugun jininta.

Wata na 8, Yuli: gano cutar

Ta kai ƙaramin ɗanta asibiti ne saboda tari, sai likitar da ke duba yara ta gama da shi ta tsaya tana kallon uwar. Ta lura idanunta sun firfito, farin ido na bayyana a saman baƙin, kuma ba ta cika ƙiftawa ba. Ta kama wuyan hannunta ta ƙirga bugun jini na cikakken minti ɗaya ta sami 124, alhali na babban mutum mai lafiya da ke zaune yana tsakanin 60 da 100. Ta sa ta miƙe hannuwa ta ɗora mata takarda a kan yatsu, takardar na kaɗawa. Ta ba ta ruwa ta haɗiya, kumburin ya hau ya sauko tare da haɗiyar, wanda hakan ke nuna daga tayirod yake. Nan take ta rubuta mata takardar zuwa asibitin koyarwa.

Tayirod wata 'yar gaɓa ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, da ke sarrafa aidin ɗin da ke cikin abinci ta samar da sinadarai biyu, T4 da T3. Su ne ke tsara saurin aikin jiki, tun daga bugun zuciya da ƙona abinci har ɗumin jiki da motsin hanji. Ba ita ke yanke wa kanta yawan abin da za ta fitar ba. Wata gaɓa ce a ƙasan ƙwaƙwalwa ke turo mata sinadarin TSH a matsayin ɗan aike, idan T4 ya yi ƙasa a jini a ƙara aike, idan ya yi yawa a rage. A cutar Graves, garkuwar jiki wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta takan kuskure ta ƙera wani sinadari da ake kira TRAb, shi kuma ya riƙa zuwa wa tayirod a siffar ɗan aiken yana ce mata ta ƙara, ba dare ba rana. Ƙwaƙwalwa takan janye nata aiken gaba ɗaya, amma hakan ba ya tsayar da komai. Wannan garkuwa da ta kuskure ita ce kuma ke kumbura tsoka da kitsen da ke bayan ƙwayar ido har ido ya turo waje.

Abin da gwajin jininta ya nuna ke nan. TSH ya yi ƙasa da 0.01, alhali na mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4.0, T4 kuwa ya kai 58, alhali iyakarsa a wannan ɗakin gwaji 12 zuwa 22 ce. An aika jinin gwajin TRAb wani birni, sakamakon ya dawo bayan mako biyu yana nuna sinadarin ya yi yawa sosai. Wannan gwaji na ƙarshe yana da muhimmanci ga mai goyo, domin akwai wani kumburin tayirod na ɗan lokaci da kan zo bayan haihuwa, wanda ke wucewa da kansa kuma ba ya buƙatar irin wannan magani. Yawan TRAb da firfitowar ido su suka raba gardama. An kuma duba zuciyarta, saboda ciwon zuciya na bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, likitoci sun yi bincike a kansa a Zariya tun shekarun 1970. Ban da sauri, ba a sami wata illa a zuciyar ba.

Cutar ta samo sunanta daga Robert Graves, likita a birnin Dublin na ƙasar Ayilan, wanda ya bayyana ta a 1835. Wani likita Bajamushe, Karl von Basedow, ya bayyana ta a 1840, kuma sunansa ne mai haƙuri zai gani a takarda idan a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai aka duba shi. Ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke sa tayirod yin aiki fiye da kima, ta fi kama mata ninkin-ba-ninkin a kan maza, tana bin dangi, kuma shekarar farko bayan haihuwa na daga cikin lokutan da takan ɓulla. Ta sha bamban da maƙoƙon da kakanninmu suka sani, wanda ƙarancin aidin ke jawowa, wanda kuma ya ragu tun da Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri a farkon shekarun 1990. Mai cutar Graves ba ƙarancin aidin ke damunsa ba, ƙara masa aidin fiye da na abinci ma yana iya tsananta ciwon. Duk wannan bayani ba a yi mata shi a wannan zuwa ba. Ranar asibitin a cike yake, ganin likita bai wuce 'yan mintuna ba, abin da ta fito da shi kawai shi ne tana da ciwon maƙoƙo, ga magani, ta dawo bayan mako shida.

Wata na 8 zuwa na 13, Yuli zuwa Disamba: magani na farko da yankewarsa

An ɗora ta a kan carbimazole miligiram 30 a rana, wanda ke hana tayirod ƙera sabon sinadari, da propranolol miligiram 40 sau uku a rana, wanda ke rage gudun zuciya da rawar hannu kafin wancan ya fara aiki. Carbimazole ba ya nuna aikinsa nan da nan, domin tayirod na da ajiyar sinadarin da ta riga ta ƙera, sai ajiyar ta ƙare, abin da kan ɗauki mako huɗu zuwa takwas. An bar ta ta ci gaba da shayarwa, da sharaɗin ta raba maganin ta riƙa sha bayan yaro ya gama shan nono.

Cikin kwana uku bugun zuciya ya lafa, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. A mako na shida T4 ya sauko zuwa 24, bugun jini 88, aka rage carbimazole zuwa miligiram 20. A wata na 11 T4 ya koma 16, aka rage zuwa miligiram 10, aka tsayar da propranolol. TSH yana nan a ƙasa, kuma haka aka saba gani, yakan ɗauki watanni kafin ya farfaɗo, shi ya sa a farkon magani da T4 ake auna ci gaba. Nauyinta ya koma kilo 61, ta koma aji.

A wata na 13 ta daina shan maganin. Da aka tambaye ta daga baya, dalilan da ta kawo a haɗe suke. Ta ji ta warke, kuma a saninta idan ciwo ya tafi an gama da magani. Babu carbimazole a kemis ɗin garinsu, sai an je birni, ga kuɗin mota da na gwaji da kuma yini guda na rashin zuwa aiki a kowace tafiya. Wata 'yar'uwarta ta ce mata daɗewa ana shan ƙwayoyin asibiti yana lalata ƙoda. Ba ta san cewa an tsara maganin ne na wata 12 zuwa 18 ba, haka kuma ba ta san cewa maganin tare ƙofa kawai yake yi, garkuwar da ke ingiza tayirod tana nan ba ta huce ba. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, ba ta je ba, ba a kuma neme ta ba.

Wata na 17, Afrilu: dawowar ciwon da kwanciya a asibiti

Wata biyu bayan yanke magani alamomin suka fara dawowa, amma da yake bazara ta shigo kowa na kukan zafi, ba ta kawo komai a ranta ba. A watan Afrilu ta kamu da ciwon mafitsara, zazzaɓi ya rufe ta. Cikin kwana biyu ta fara amai da gudawa, a daren na uku ta fara sambatu, ba ta gane mijinta ba. Da aka isa da ita asibitin koyarwa zafin jikinta ya kai 39.6, bugun jini 148 kuma ba bisa tsari yake tafiya ba.

Wannan shi ne yanayi mafi haɗari a cutar, inda sinadarin tayirod ke mamaye jiki gaba ɗaya. Yawanci yakan sami wanda bai sha magani ba ko wanda ya yanke, sannan wani abu ya tayar da shi, kamar zazzaɓi, haihuwa, haɗari ko tiyata. Ko a asibitocin da ke da kayan aiki, aƙalla mutum ɗaya cikin goma da suka shiga wannan hali ba ya tashi. An ba ta PTU, ɗan'uwan carbimazole wanda ke da ƙarin amfanin hana T4 rikiɗa zuwa T3 mai ƙarfi. Bayan awa ɗaya aka fara ba ta ruwan aidin, wanda idan aka ba da shi da yawa a lokaci guda yakan rufe fitar sinadari na ɗan lokaci, kuma dole ne ya biyo bayan PTU don kada tayirod ta mayar da shi kayan aiki. An ƙara mata propranolol da allurar hydrocortisone da ƙarin ruwa da maganin ciwon mafitsarar, ana goga mata jiƙaƙƙen tawul. Farasitamol aka ba ta don zazzaɓi, aka hana asfirin, domin yana ƙara sako sinadarin tayirod cikin jini. A kwana na uku hankalinta ya dawo, a na biyar bugun zuciya ya koma bisa tsari, a na tara aka sallame ta.

Wata na 18 zuwa na 36: magani na biyu

Kafin sallama wata likita ta zauna da ita da mijinta da surukarta ta yi musu bayanin cutar da Hausa, har da zane a takarda. Ta ce wa surukar: "Hajiya, fushin nan da kika gani ba halinta ba ne, ciwon ne, kuma idan ta sha magani zai tafi." A wannan zama ne aka fara jin labarin ƙanwar mahaifiyarta. An mayar da ita kan carbimazole, domin PTU ya fi shi haɗari ga hanta idan aka daɗe ana sha, aka kuma tsara mata wasu abubuwa da ba a yi a karon farko ba.

Ta sayi littafin rubutu mai shafi arba'in irin na ɗalibanta, ta ja layi huɗu a kowane shafi. Kowace Juma'a bayan sallar asuba, kafin ta fara aikin gida, takan zauna ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta ƙirga bugun jini na minti ɗaya da agogon waya, ta rubuta. Sau ɗaya a wata takan hau sikeli a asibitin garinsu ta rubuta nauyi. A layi na uku adadin ƙwayoyin da suka rage, a na huɗu duk wani sabon abu da ta ji a jikinta. An gaya mata idan bugun ya wuce 100 mako biyu a jere ta kira, kada ta jira ranar asibiti. Mijinta ya ɗauki nauyin sayo maganin wata uku a lokaci guda daga birni, yana duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma yakan sayo sabo tun da sauran na mako uku a gida. An shirya ta riƙa ba da jini a garinsu ana turawa, ta aika hoton sakamakon ta waya, sai ta je da kanta bayan kowane wata uku.

An kuma yi mata gargaɗi biyu. Na farko a kan ciki: carbimazole na iya jawo nakasa ga jariri a watanni ukun farko, ciwon da ba a shawo kansa ba kuma yana jawo ɓari da haihuwar bakwaini, don haka ta shiga tsarin tazarar haihuwa da yardar mijinta. Na biyu a kan wata illa da ba ta cika faruwa ba, ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari take samu, amma tana kisa: maganin kan iya kassara fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, musamman a watanni ukun farko. Alamarta zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki. A wurin da kowane zazzaɓi ake ɗauka na cizon sauro ne, wannan gargaɗi yana buƙatar a nanata shi. A wata na 20 ta tashi da ciwon maƙogwaro da zafin jiki, ta ajiye maganin, ta je aka ƙirga ƙwayoyin jininta a ranar. Lafiya lau suke, mura ce kawai, washegari ta ci gaba da sha.

Game da idanu, an ba ta ɗigon ruwan hawaye na kemis, aka ce ta ɗaga kai da matashi biyu idan za ta kwanta, ta sa tabarau saboda ƙura da rana. Mijinta, wanda ke shan sigari, ya daina sha a cikin gida bayan an gaya masa hayaƙin taba na tsananta ciwon ido na wannan cuta.

Daga wata na 21 T4 bai sake fita daga iyaka ba. Zuwa wata na 30 tana kan miligiram 10, TSH ya dawo 1.2, nauyi kilo 64, bugun jini tsakanin 72 da 84. A wata na 36, da ta cika wata 18 tana shan magani ba fashi, aka sake gwada TRAb. Ya ragu, amma har yanzu yana sama da iyaka sosai, maƙoƙon kuma bai sace ba.

Wata na 36 zuwa na 43: zaɓi da tiyata

Kusan rabin waɗanda suka kammala maganin ƙwayoyi ciwon kan dawo musu bayan an tsayar, kuma ya fi dawo wa mai babban maƙoƙo da wanda TRAb ɗinsa bai sauka ba. Ita duka biyun sun hau kanta. Likita ta shimfiɗa mata hanyoyi uku. Tana iya ci gaba da ƙaramin adadin carbimazole na wasu shekaru, hanyar da mutane da yawa ke bi lafiya, sai dai ita tana son ƙarin haihuwa, ga kuma nisan magani. Tana iya shan aidin ɗin nukiliya, wanda aka fara amfani da shi a birnin Boston na Amurka a 1941: ana haɗiye shi sau ɗaya, tayirod ta zuƙe shi, ya ƙone ta a hankali cikin watanni, ba yanka ba ɗinki. Amma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, dole a jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata shida, yana iya tsananta ciwon ido, TRAb kan ƙaru na wani lokaci bayansa, kuma wuraren da ke yin sa a Najeriya kaɗan ne, sanannu su ne na Ibadan da Abuja. Hanya ta uku ita ce a cire tayirod gaba ɗaya, da haɗarinta guda biyu: jijiyar murya da ke bi ta bayan gaɓar, da wasu ƙananan gaɓoɓi huɗu da ke manne da ita masu kula da kalsiyam na jini. Aidin ɗin nukiliya da tiyata duk yawanci suna ƙarewa ne da shan ƙwayar levothyroxine, wadda ke maye gurbin sinadarin tayirod, har ƙarshen rayuwa.

Ta ɗauki wata biyu tana shawara da istihara. Muryarta ce ta fi damunta, domin da ita take cin abinci. Ta tambayi likitan tiyatar sau nawa yake yin irin wannan aiki, da ta ji aikinsa ne na yau da kullum sai ta amince. An tabbatar T4 na cikin iyaka, aka ba ta ruwan aidin na kwana goma don rage jinin da ke kwarara cikin gaɓar, aka yi aikin a wata na 39, cikin Fabrairu. Muryarta ta ɗan dushe na mako biyu ta dawo. A kwana na biyu ta ji leɓɓanta da yatsunta na mata tsittsira, gwaji ya nuna kalsiyam ya sauka, aka ba ta ƙwayoyinsa har ya daidaita.

An fara mata levothyroxine mikrogiram 100 a rana, daidai da lissafin da aka saba na kusan 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki. Bayan mako shida TSH ya hau zuwa 9, tana jin kasala da sanyi da nauyin jiki. Kafin a ƙara adadi, likita ta tambaye ta yadda take shan ƙwayar, sai ta ce da shayi mai madara take haɗiye ta wajen karin kumallo, tare da ƙwayar kalsiyam da ta ƙarin jini. Duk waɗannan suna hana hanji zuƙar maganin. Aka sauya tsari: ta sha da ruwa zalla da zarar ta tashi sallar asuba, ta karya bayan awa ɗaya, kalsiyam da maganin ƙarin jini kuma sai bayan awa huɗu. Ba a taɓa adadin ba, amma bayan mako takwas TSH ya dawo 2.1.

Wata na 48, Nuwamba: halin da take ciki

Nauyinta kilo 65, bugun jini 76, TSH 1.8. Tana koyarwa cikakken lokaci. Da azumi ya zo ta mayar da ƙwayar lokacin kwanciya barci, bayan awa uku da cin abinci na ƙarshe, ta yi azuminta duka. Jan ido da ƙaiƙayi sun tafi, amma idon hagu bai koma yadda yake da ba. Ƙanwarta, wadda ta fara kukan bugun zuciya, ta je an gwada ta cikin mako biyu da fara jin alamar.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

Watanni bakwai na farko su ne asarar da ta fi sauƙin kaucewa. Gwajin ƙanjamau da tarin fuka da suga ga mai rama daidai ne, amma da suka fito ba komai ya kamata a koma kan majinyaciyar a dube ta. Rama tare da yawan ci, gumi a cikin hunturu, da bugun jini da ya haura 120 a zaune, abubuwa ne da ba sa buƙatar na'ura, kuma likitar yara ta gano su cikin mintuna da yatsunta da takarda da kofin ruwa. Addu'a ba ta hana ta komai ba. Tsaga da garin maƙoƙo kuwa sun ci mata lokaci, kuma an yi su ne bisa zaton wani ciwo daban.

Magani na farko daidai yake, adadinsa daidai, kuma ya yi aiki. Abin da ya karye shi ne ci gaba da sha, kuma a ganina ba adalci ba ne a ɗora mata laifin ita kaɗai. Macen da ke koyar da yara tana iya fahimtar yadda garkuwar jiki ke ingiza tayirod, amma ba a gaya mata ba, ba a faɗa mata tsawon lokacin magani ba, ba a kuma tambaye ta inda za ta samo shi ba. Ƙwayar da ta sha a karo na biyu ita ce dai ta farko. Abin da ya sauya shi ne ta san dalilin kowace ƙwaya, tana da ma'aunin da za ta iya dubawa da kanta a gida, kuma mijinta da surukarta sun shigo cikin lamarin, waɗanda su ne ke riƙe da kuɗin mota da izinin tafiya da kuma maganar da ake saurare a gidan.

Rashin warkewa bayan wata 18 ba gazawar magani ba ce, haka cutar take ga kusan rabin masu ita. Tiyata ta dace da ita saboda girman maƙoƙon, da ciwon ido, da burin haihuwa, da samun likitan da ya ƙware a aikin. Mai ƙaramin maƙoƙo da TRAb ɗinsa ya sauka zai iya rabuwa da ciwon da ƙwayoyi kaɗai, wanda ya gama haihuwa kuma ba shi da matsalar ido aidin ɗin nukiliya na iya fi masa sauƙi, don haka bai kamata a ɗauki zaɓinta a matsayin na kowa ba.

Akwai kuma abin da tiyatar ba ta kawar ba. An cire tayirod, amma garkuwar da ta kuskure tana nan, kuma TRAb na iya ratsa mahaifa ya ingiza tayirod ɗin jariri ko da uwar lafiyarta ƙalau. Saboda haka an rubuta mata a shafin ƙarshe na littafinta cewa da zarar ta tabbatar da ciki ta ƙara ƙwaya biyu na levothyroxine a kowane mako, ta zo asibiti ba tare da jinkiri ba, a gwada TRAb a farkon cikin, idan ya yi yawa a sake gwadawa tsakanin mako na 18 da na 22, sannan ta sanar da duk wanda zai yi mata awo cewa ta taɓa yin cutar Graves, ko da bai tambaya ba.